Bayan "Yaya Jiki?", Wa Ke Tambayar Zuciyar Mai Amosanin Gaɓɓai?

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Maganar tana da gaskiyarta, amma akwai wasu bayin Allah a cikinmu waɗanda idan aka dogara ga fuskarsu kaɗai, za a shekara goma ana zaune da su a gida ɗaya ba a san abin da ke cin su ba. Ina nufin masu fama da cutar gaɓɓai da likitoci ke kira rumatoyid, wadda mu kuma muke jefa ta cikin babban buhun nan da muka sa wa suna "sanyi". Kowa yana ganin yatsun da suka kumbura suka karkace, kowa yana ganin tafiyar da ta koma ɗingishi, saboda haka kowa ya iya cewa sannu. Abin da ba a gani, ba a kuma tambaya, shi ne ciwon damuwa da fargabar da ke tafe tare da wannan cuta.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, damuwar mai rumatoyid ɓangare ce ta cutar kanta, tana da magani kamar yadda kumburin yake da magani, kuma babban abin da ya hana a magance ta a ƙasar Hausa shi ne yadda muke magana: sunan da muka ba cutar, irin tambayar da muke yi wa majinyaci, da amsar da muka saba tilasta masa ya bayar. Fannina nazarin harshe ne, don haka ta ƙofar harshe zan shiga, in dogara ga abin da masana lafiya suka tabbatar a wuraren da maganar take tasu.

Da farko, mece ce rumatoyid? Cuta ce da garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa ta far wa jikin mai ita. Inda ta fi kai hari shi ne tantanin da ya shimfiɗe cikin gaɓa, sai ya kumbura ya yi kauri, a hankali ya cinye guringuntsi har ya kai ga ƙashi. Takan fara da ƙananan gaɓɓai na yatsu da wuyan hannu da ƙafa, kuma ta kama dama da hagu tare. Alamarta da ta fi fice ita ce sandarewar safe: mutum ya tashi daga barci gaɓɓansa sun ƙage, ya yi awa guda ko fiye kafin ya iya dunƙule hannu. Ba ta tsayawa a gaɓɓai, takan taɓa huhu da idanu da jijiyoyin jini na zuciya, ga kuma wata irin gajiya da barci ba ya kawar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da ita, kimanin kashi 70 cikin ɗari kuwa mata ne.

Wani ɗalibin likitanci a Faransa, Augustin Landré-Beauvais, shi ne ya fara bayyana ta dalla-dalla a 1800, daga matan da ya gani a asibitin Salpêtrière na birnin Faris, sannan likitan Ingila Alfred Garrod ya raɗa mata sunan da ake kiran ta da shi a 1859. Tushen sunan wata kalma ce ta Girkanci mai nufin kwarara, domin mutanen da sun ɗauka wani ruwa ne ke gangarowa cikin gaɓɓai. Ke nan su ma Turawa da hasashe suka fara, sai dai sun ci gaba da rarrabe cututtukan gaɓɓai, kowace da sunanta da maganinta.

Mu kuwa har yanzu muna kan "sanyi". Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai tallar maganin gargajiya da lasifika a kasuwa ya ji yadda kalmar take ɗaukar kaya: mura sanyi ce, ciwon gwiwa na tsufa sanyi ne, ciwon baya sanyi ne, ƙaiƙayi da fitar ruwa ga mata sanyi ne, cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa sanyi ce, raunin namiji da jinkirin haihuwa duk sanyi ne, kuma kwalba ɗaya ce maganinsu. Wannan cunkoso yana da illa biyu. Ta farko, matar aure mai shekara 35 da yatsunta suka fara kumburi za ta yi nauyin baki wajen cewa tana da "ciwon sanyi", domin ta san inda tunanin mai sauraro zai nufa. Ta biyu, suna shi ke nuna hanyar magani. Wanda aka ce masa sanyi ne ke damun sa zai bar shan ruwan randa, ya shiga gashi da shan rana da jiƙe-jiƙe, alhali garkuwar jikinsa tana can tana cin gaɓɓansa. Kalmar "amosanin gaɓɓai" ta fi dama-dama, amma ita ma ba ta raba wannan cuta da zaizayar gaɓɓai ta tsufa ba.

Sakamakon haka shi ne jinkiri, jinkiri kuwa a wannan cuta asara ce da ba ta dawowa. Likitoci sun tabbatar cewa watannin farko, wajen uku zuwa shida, su ne lokacin da magani ya fi iya kare gaɓa, domin abin da ya zaizaye ba ya sake tsirowa. An daɗe ana ɗauka cewa cutar ba ta damu Afirka ba, har wani bincike da aka buga a 1993 ya duba kusan mutum 2,000 a wani yankin karkara na ƙasar Yarabawa bai sami ko mutum ɗaya mai ita ba. Amma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka buga bayanin majinyata 200 na farko da suka duba a Legas, inda mata suka ninka maza fiye da sau biyu, kuma a matsakaicin lissafi majinyaci yakan haura shekara 5 da ciwon kafin ya iso gaban ƙwararre. Idan haka abin yake a Legas, mai karatu ya auna halin mutumin Gumel ko Illela. Wanda ya shekara biyar yana yawon magani, ya sayar da akuya da ɗan kunne da gona, kullum jiya ta fi yau, yaya zuciyarsa za ta kasance?

Akwai alƙaluma a kan wannan tambaya. A shekarar 2013 wasu masana na King's College da ke Landan, Faith Matcham da abokan aikinta, suka tattara bincike 72 da aka yi a ƙasashe daban-daban a kan majinyata 13,189. Suka gano cewa kimanin kashi 17 cikin ɗari na masu rumatoyid suna da ciwon damuwa mai tsanani, irin wanda ake tantancewa ta hanyar ganawa da ƙwararre. Da aka yi amfani da takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9 kuwa, masu alamominsa sun kai kusan kashi 39. A kwatanta wannan da kimanin kashi 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ga manyan mutane baki ɗaya bisa alƙaluman 2019. Wato a cikin kowane mutum shida da ke zaune a layin likitan gaɓɓai, akwai ɗaya da ke ɗauke da cuta ta biyu wadda ba ta cikin katinsa.

Ya kamata a fahimci abin da likitoci ke nufi da ciwon damuwa, domin ya bambanta da ɓacin ran yini guda. Shi ne mutum ya yi aƙalla mako biyu, kusan kullum, cikin ƙunci ko rashin jin daɗin duk abin da ya saba jin daɗinsa, tare da rikicewar barci da cin abinci, da kasa tattara hankali, da ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har da tunanin gara ma ya mutu. Ciwon fargaba kuwa shi ne zullumin da ba ya yankewa, gaba na faɗuwa, zuciya na bugawa, mutum na tararrabin abin da bai faru ba har ya kasa gudanar da harkokinsa. Sau da yawa tare suke zuwa.

Me ya sa suka fi kama mai rumatoyid? Dalili na farko a bayyane yake, wato abin da cutar take ƙwacewa. Hannu shi ne jarin talaka da ma'aikaci. Tela da makaniki da mai kitso da malamin da ke riƙe alli da akawun da ke riƙe biro duk da yatsu suke cin abinci. Uwar gida kuwa da su take tuƙa tuwo, ta yi wanki, ta ɗaura zani, ta goya ɗanta. Cutar tana bin mutum har wuraren da mai lafiya ba ya tunani: musafaha, wadda ita ce gaisuwarmu, takan zama azaba idan aka matse hannun, alwalar asuba a lokacin hunturu, da sujada, da zaman tahiya, duk sai an yi dabara. Babban mutum da ya saba ciyar da gida ya wayi gari sai an ɓalle masa maɓallin riga. Bugu da ƙari, cutar tana tashi tana lafawa ba tare da sanarwa ba. Yau ta je biki, gobe ta kasa ɗaga buta, sai dangin miji su ce son jiki ne, tun da jiya an gan ta garau. Daga wannan rashin tabbas fargaba take samun abinci. Mutum ba ya iya yin alkawarin gobe, ma'aikaci na tsoron rasa aiki, matar aure na tsoron abin da ba sai na faɗa ba.

Hatta magani yana da nasa zullumin. Metotireksat, wanda shi ne ginshiƙin maganin wannan cuta kuma sau ɗaya ake shan sa a mako, yana illata ɗan tayi, don haka dole mace ta dakatar da shi kafin ta ɗauki ciki. A al'ummar da ake ƙirga wa amarya watanni, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne, ko da yake akwai wasu magungunan da likita kan musanya mata da su. Sababbin allurai masu ƙarfi da suka fara fitowa tun 1998 sun canza rayuwar majinyata a ƙasashen da suka ci gaba, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin mutanenmu. Abin da ya rage wa talaka shi ne kemis, inda za a haɗa masa firedinisolon ko dekzametason da diklofenak, wani lokaci har da tiramadol, ba tare da takardar likita ba. Magungunan sitiroyid irin su firedinisolon suna kwantar da kumburi nan take, amma yawan shan su yana hana barci, ya kumbura fuska, ya raunana ƙashi, kuma shi da kansa yana iya jawo ƙunci da rikicewar hali.

Dalili na biyu shi ne wanda yawancinmu ba mu sani ba, kuma shi ne ya kamata ya sa masu zargin majinyaci su sassauta. Garkuwar jiki tana aika saƙo ta wasu sinadarai da ake kira saitokin, irin su TNF da IL-6, waɗanda suke yawaita a jinin mai rumatoyid. Saƙonsu yana isa ƙwaƙwalwa. Kowa ya san yadda zazzaɓi mai zafi ke sa mutum ya ƙi abinci, ya ƙi mutane, ya ji duniya ta yi masa baƙi. Aikin waɗannan sinadarai ne, domin jiki ya kwanta ya huta. Mai zazzaɓi kwana uku yake yi ya miƙe, mai rumatoyid kuwa shekaru yake yi a wannan hali. Hujja mai ƙarfi ta zo daga masu ciwon hanta nau'in C da aka riƙa yi wa allurar intaferon, wanda shi ma sinadarin garkuwa ne: kimanin ɗaya cikin huɗu sun kamu da ciwon damuwa a lokacin jinyar. Kuma abin yana tafiya ta fuska biyu. Wani bincike da masana na Jami'ar Calgary ta Kanada suka buga a 2018, daga bayanan asibiti na fiye da mutum miliyan 5 a Birtaniya, ya nuna cewa masu ciwon damuwa sun fi sauran jama'a haɗarin kamuwa da rumatoyid da kashi 38 cikin ɗari.

Wani zai ce, to a magance gaɓɓan mana, zuciya za ta bi baya. Matsalar ita ce damuwar da aka bari tana hana maganin gaɓɓan aiki. Wani nazari da aka buga a Amurka a shekarar 2000 ya nuna cewa majinyaci mai ciwon damuwa ya ninka wanda ba shi da shi sau uku wajen yiwuwar barin bin umarnin likita, wannan kuwa cuta ce da ake shan maganinta shekara da shekaru tare da gwajin jini a kai a kai. Sannan ma'aunin da likitoci ke auna ƙarfin cutar da shi, DAS28, ya ƙunshi ƙirga gaɓɓan da ke zafi cikin 28, da ƙirga waɗanda suka kumbura, da gwajin jini, da kuma yadda majinyaci yake jin kansa. Damuwa tana ƙara jin zafi, don haka ma'aunin yakan hau ko da kumburi ya sauka, sai likita ya ƙara magani mai tsada ga ciwon da ba a gaɓa yake ba. Mafi muni, wani bincike na 2005 da ya bi majinyata 1,290 a Amurka tsawon shekara 18 ya gano cewa masu rumatoyid da ke da ciwon damuwa sun ninka sauran fiye da sau biyu a haɗarin mutuwa.

Duk da haka ba a tambaya. A wani bincike na 2008 a jihar North Carolina ta Amurka, an naɗi ganawar majinyata 200 da likitocinsu na gaɓɓai. Mutum 21 daga cikinsu suna da alamomin damuwa mai tsanani, amma 4 kaɗai aka tattauna batun da su, kuma a duka huɗun majinyacin ne ya tayar da maganar. Wannan a ƙasar da ba a jin kunyar zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa kamar yadda muke ji. Ina ga namu?

A nan ne harshe ya shigo. Mu duba gaisuwar majinyaci. Mai dubiya ya ce, "Yaya jiki?" Amsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Wanda ke gargarar mutuwa ma, in yana iya motsa leɓe, da sauƙi zai ce. Masanin ɗan Adam Bronislaw Malinowski ya bayyana irin wannan zance tun 1923, cewa akwai maganar da ake yi domin sada zumunci kawai, ba domin neman labari ba. Babu laifi a cikinta, ladabi ce mai kyau. Laifin yana zuwa ne idan muka ɗauki amsar gaisuwa a matsayin rahoton lafiya, muka tashi muka tafi da zaton mun ji halin da ɗan uwanmu yake ciki. A lura kuma, jiki aka tambaya. Idan majinyacin ya yi ƙarfin hali ya wuce iyakar gaisuwa, ya ce, "Wallahi na gaji," nan take za a tare shi da "Yi haƙuri." Kalmar haƙuri tana da aiki biyu a bakinmu: tana rarrashi, tana kuma rufe baki. Baturen nan Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a idon Bahaushe, ya lissafa haƙuri da kunya cikin manyan siffofinsa. Majinyacin da ya san da wannan ma'auni ake auna shi zai zaɓi ya yi shiru ya tsira da mutuncinsa.

Abin mamaki shi ne Hausa ba ta da ƙarancin kalmomin zuciya. Muna da baƙin ciki da ƙunci da takaici da ɓacin rai, muna da zullumi da tararrabi da faɗuwar gaba da wasiwasi, muna da tagumi da yin jugum. Sai dai dukansu mun ajiye su a ɓangaren halin rayuwa, abin da ake jurewa. A ɓangaren cuta, abin da ake kai wa asibiti, hauka da taɓin hankali kawai muka ajiye. Tsakanin "damuwa" da "hauka" babu matakala. Wani bincike da likitoci suka yi a ƙauyen Karfi na jihar Kano, aka buga a 2004, ya tambayi manya 250 alamomin taɓin hankali. Amsoshin da suka fi yawa su ne duka da ɓarna, da yawan surutu, da baƙuwar ɗabi'a, da yawo barkatai. Matar da ta daina fita tsakar gida, ta daina cin abinci, take kuka cikin dare, ba ta cikin wannan hoto. Shi ya sa idan aka ce wa mutumin Kano ya ga likitan ƙwaƙwalwa, Dawanau yake ji. Na Kaduna ya ji Barnawa. Na Sakkwato ya ji Kware. Sai ya ce shi lafiyarsa ƙalau, gaɓɓansa ne kawai.

Na san akwai masu ganin cewa mai imani ba ya shiga irin wannan hali, kuma wanda ya shiga to tawakkalinsa ne ya yi rauni. Ina girmama niyyarsu, amma tarihinmu bai goyi bayansu ba. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba a kuma ce imaninsa ya ragu ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki malaman tarihi suka kira ta. Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus a kan kula da jiki da rai tare, inda ya raba baƙin cikin da aka san sababinsa da wanda ke saukar wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya kuma danganta na biyun da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Ba mu taɓa cewa mai ciwon suga ya bar allura ya riƙe addu'a kaɗai ba, haɗa masa biyun muke yi. Mai ciwon damuwa ma haka ya cancanta, balle wanda sinadaran kumburi ke kai wa ƙwaƙwalwarsa hari.

Akwai kuma masu cewa ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa ke kashe mutane ba ta da sararin wannan magana. Gaskiya ne ma'aikata sun yi ƙaranci. A 2022 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta koka cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, likitocin gaɓɓai kuwa sun fi haka ƙaranci, galibinsu a asibitocin koyarwa na manyan birane. Amma wannan hujja ce ta neman hanya mai araha, kuma wasu 'yan uwanmu na Afirka sun same ta. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba su yi amfani da sunan Turanci ba, kalmar harshen Shona suka ɗauka, kufungisisa, wato yawan tunani, wadda kowa ke iya faɗa ba tare da jin an kira shi mahaukaci ba. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne suka rage da alamomin damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kusan kashi 50. Mu da muke da gwaggo da inna da uwar ɗaki, da malaman Islamiyya mata a kowace unguwa, ba mu rasa masu zama a benci ba, horo kawai suke buƙata.

Saboda haka ina da kira ga ɓangarori huɗu. Ga likitoci da ma'aikatan jinya: tambaya biyu sun isa a fara, kuma ba su cin minti biyu. A tambayi majinyaci ko a makonni biyun da suka wuce ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba jin daɗinsu, a kuma tambaye shi ko yana yawan jin ƙunci ko yanke ƙauna. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa duba ciwon damuwa cikin binciken shekara-shekara na duk mai rumatoyid, daidai da hawan jini da raunin ƙashi. Wanda aka samu da shi a yi masa bayani cewa akwai jinya ta tattaunawa, akwai motsa jiki daidai ƙarfinsa, akwai kuma magunguna da kan ɗauki makonni kafin su fara aiki. Likita ne kaɗai zai rubuta su, domin wasunsu ba sa jituwa da tiramadol, wasu kuma na ƙara haɗarin zubar jini a ciki idan aka haɗa su da irin su diklofenak.

Ga hukumomi: dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, wadda sunanta kaɗai ya isa shaida a kan abin da nake faɗa. Amma doka a takarda ba ta jinya. Jihohin Arewa su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci bisa tsarin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi tun 2008, su kuma tabbatar inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta, ta ɗauki nauyin magungunan rumatoyid da gwaje-gwajensu, domin rabin fargabar majinyaci ta kuɗin wata mai zuwa ce.

Ga abokan aikina na sassan Hausa a jami'o'i, da 'yan jarida, da marubuta: aikin suna namu ne. Kalmar "ciwon damuwa" da kafafen yaɗa labarai suka fara yaɗawa ta dace, domin ta ɗauki damuwa ta kai ta ɓangaren ciwo ba tare da ta ratsa ta hauka ba. Mu riƙe ta, mu haɗa mata "ciwon fargaba". Ita kuma rumatoyid ina ba da shawarar a kira ta "amosanin garkuwa", domin a fitar da ita daga buhun sanyi, sunan kuma ya nuna inda matsalar take. A zauna da likitoci a tace, a fassara takardun tambayoyinsu da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane, ba Hausar ofis ba.

Ga iyali kuma, waɗanda su ne asibitin farko: a yi gaisuwa yadda aka saba, a karɓi "da sauƙi", sannan a gyara zama a yi tambayar da ba ta da haddatacciyar amsa. "Yaya, kina samun barci kuwa?" "Baba, me ya fi damun ka a 'yan kwanakin nan?" In an sami amsa, a jinkirta "yi haƙuri" har sai mai magana ya kai aya. Miji ya raka matarsa asibiti ya ji daga bakin likita cewa cutar tana tashi tana lafawa, domin ya zama shi ne mai kare ta a wurin danginsa. In kuwa majinyaci ya fara cewa ya zame wa mutane kaya, ko gara ya huta, kada a ɗauka maganar ciwo ce kawai; a kai shi wurin likita a ranar, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

Har yau ba a sami maganin da ke raba mutum da rumatoyid baki ɗaya ba, sai dai a danne ta, wanda kuma aka kama tasa da wuri yakan yi rayuwarsa kamar kowa. Ciwon damuwa kuwa ana warkewa daga gare shi. Abin takaici ne a ce cikin cututtuka biyun da ke kan mutum ɗaya, wadda ta fi jin magani ita muka bari, don kawai ba mu tambaya ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinyarsu juriya da lada, mu kuma Ya ba mu kunnen sauraro.